Taku na Tara

Da ƙanwata Hadiza ta ce za ta saka rawar Baba Ɗanjuma a kwamfuta tun gwiwoyinsa ba su gaza ba, ni na karɓi aikin rubuta takun. Na ce mata ba sai da bidiyo ba, ido da biro sun ishe ni.

Tsohon ya taka a masussukar ƙauyenmu Jajaye, ina bin sa da lamba. Na ɗaya, ƙafar dama gaba. Na biyu, juyi. Ban bar komai ba.

Ranar nunawa, wani ɗan mutum-mutumi ya fito a kwamfutar yana karkaɗa kafaɗa, sak Baba yana saurayi. Wallahi Hadiza ta iya aiki, har tsofaffi suka matso suna kallo. Ana kaiwa taku na tara sai ɗan mutum-mutumin ya daka tsalle, ya mari ƙwaurinsa sau biyu, ya sosa.

Baba ya miƙe, ya dube ni. "Kai, Malam! Wannan ai cinnaka ne ya cije ni!"

Hadiza ta ce, "Yaya, haka ka rubuta. Har layi ka ja a ƙasa."

Yanzu ko ƙuda na kora a majalisa, sai wani ya ce, "Malam, taku na nawa ke nan?"