Yadda Za Ki Kori Sabuwar Abokiyar Wasanki Cikin Kwana Uku

Ina ɗaura igiyar takalmi a filin tanis na Plovdiv kocinmu, Kawu Stoil, ya shigo riƙe da hularsa, ya ce motar Nevena, abokiyar wasana, ta kife a hanyar Burgas. Shekara goma sha ɗaya muna buga wasan bibbiyu, ita a raga ni a baya. Bayan wata biyu ya fara kawo mini wasu. Na kori bakwai. Daga aji shida na bar makaranta, amma wannan ilimin na iya shi. Ki bi matakan nan, sai ta gudu.

1. Kira ta da sunan marigayiya. In ta ce, "Yaya, Ginka nake," ki ce, "To, Nevena."

2. Rikita ta da yatsu. Duk wadda ta zo gaban raga a cikinku takan yi wa ta baya alama da hannu a bayanta. Kowa ya san dunƙule hannu na nufin ba zan motsa ba. A wurinmu ni da Nevena yana nufin alƙalin wasa ya rina gashi. Yi alamar, ki fashe da dariya ke kaɗai.

3. Bar ƙwallon tsakiya ta wuce. In ta yi tsawa, "Taki ce!" ki ce, "Mai ita tana nan." Masana sun ce ƙwallo ba ta ɓata, wajen mai ita take tafiya. Ni ce masanan.

4. Hana ta hannu. Bayan kowane maki ana tafawa, an ci ko an faɗi. Bar hannunta a iska ya sha sanyi.

5. Raba ayaba biyu a hutu. Ci rabi, ki ajiye rabi a benci, gefen hagu. In ta zo zama, ki ce, "Da mutum."

Wadda ta fi daɗewa ta fara Litinin, ta kai Laraba.

Sai Kawu Stoil ya ce, "Radka, ta takwas ce ta ƙarshe. In kin kore ta, na cire sunanki daga gasa, ki je ki sayar da burodin banitsa a tasha." Ya kawo Zornitsa, gajeriya mai kafaɗun ɗan dambe. Na ce mata Nevena, ta ce, "Na'am." Na dunƙule hannu, ta leƙa kan alƙali ta ce, "Wallahi ya rina, Yaya, har kunne." Ashe tana ƙarama kullum tana bayanmu a 'yan kallo.

Gargaɗi: in kika haɗu da irinta, ba ruwana, kada ki zo gidana da ƙorafi. Zagaye na biyu aka fitar da mu. Hannuna ma ban san sa'ad da ya tafa ba.

Har yau kullum ina raba ayaba in ajiye rabi a hagu. Jiya Zornitsa ta dube shi ya fara baƙi, ta ce, "Yaya, ta ƙoshi ne?" Na ce da alama. Ta cinye.