Ɓera a Cikin Gara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai garar Hauwa garin Gwaram ba, ko da na so mantawar, Gwaggo Asabe ba za ta bari ba.

Hauwa ’yar maƙwabtanmu ce a Birnin Kudu, ni kuma a lokacin ina neman ƙanwarta, Zainab. Kun san mai neman aure, ko ba a aike shi ba gudu yake. Da na ji ana cewa ɗaki ya cika, babu inda za a ajiye alkaki da nakiya da dubulan, sai na yi farat na ce a zuba a but ɗin motata. (Sabuwar saye ce, ta hannu, amma ni ji nake kamar daga kamfani na ciro ta.) Na ce ko ƙuda ba ya shiga. Nan kayan suka kwana biyu.

Ranar tafiya Gwaggo Asabe, yayar mahaifinsu, ta zauna a gaba, ƙawayenta biyu a baya. Ita ce mai ta-cewa a kan auren Zainab, saboda haka nake tuƙi kamar na ɗauko ƙwai.

Mun kusa Gwaram sai ga masu duba lafiyar motoci. Jami’in ya ga takardu, ya duba tayoyi da madubi, ya sa na danna hon, na kunna waifa. Sai ya zagaya baya.

"Malam, taka birki."

Na taka.

"Na ce ka taka birki."

"Ranka ya daɗe, ai ƙafata na kai."

"To babu wuta. Sa sigina." Ita ma shiru.

Maimakon in yi shiru kamar siginar, sai na fito ina gyara hula. Na ce fiyus ne, ƙaramin abu. Na ciro fiyus ɗin, lafiyarsa lau. Na ce to ƙwan fitila ne ya mutu. Jami’in ya ce da wuya ƙwai su mutu gaba ɗaya, in buɗe but mu ga waya.

Gwaggo ta fito ta tsaya kusa da ni, wai kada a taɓa mata kaya. Ina ɗaga murfin, wani ƙaton ɓera ya yi tsalle ya bi ta kan gyalenta ya faɗa gona. Ta saki salati har masu babur suka tsaya. Wayoyin fitila an tattaune su kamar rake. Alkaki kuwa, na daron sama duk an yi masa ƙofofi.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Jami’in yana dariya har da riƙe ciki, ya ce in gyara kafin in koma hanya. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ƙuda dai bai shiga ba, gaskiyarka."

A bakin titi suka zauna suna tsince na kirki, garar ta isa gidan miji da daro ɗaya a rage. Na yi wata guda ban bi ta layinsu ba.

Yanzu kafin in tashi mota sai na sa an tsaya a baya na taka birki, kuma na daina yin alƙawari a madadin ɓera. Zainab dai an ba ni, bayan dogon lallashi. Ranar da za a kawo tata garar na ce ga mota. Gwaggo ta ce a gode mini, ta riga ta kira mai baro.