Takardun Shaidar Safiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shiga makarantar jikata Safiya da leda cike da takardu, ina tafiya kamar wadda ta kawo lefe.

Ni na raini yarinyar nan tun da uwarta ta rasu. Mu biyu ne a gidanmu na unguwar Aziziyya, kuma ban yarda da yawo ba. Daga makaranta sai gida, sai Harami idan ina riƙe da hannunta. Da ta tashi neman wata jami'a a Jidda, na ji tana gaya wa ƙawarta a waya cewa ana son tawsiya biyu, wato takardar da wani zai shaide ta. Ni ba a tambaye ni komai ba. Me za a tambayi wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa?

Amma biyun nan ta tsaya mini a rai. A wurinmu, idan aka zo binciken mutum, yawan masu shaidarsa shi ne darajarsa. Biyu ai sai marar dangi.

Sai na ɗauki abayata na shiga gari ba tare da na gaya mata ba. Na je wurin wani ɗan Kano mai saidaliyya, wato shagon magani, na je wurin limamin masallacinmu, da mai baƙala, wato kantin unguwa, da telan titin Sultana da ke rage mini tsawon riga (shi ya so ya ƙi, na zauna a kan kujerarsa har ya nemo biro). Ni da ba na shiga gidan kowa, sai ga ni ina ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta. Na tara goma sha wani abu.

Ranar da ustazarta ta kira iyaye, na juye ledar a kan tebur. Matar ta duba ɗaya, ta duba wata, ta ce cikin ladabi gurbi biyu ne kawai a kwamfuta, kuma na malaman da suka koyar da ita ake so. Na ce a ƙara gurbi mana. Sai ta tambaya wace ce Sa'adiyya, don sunan da mai baƙala ya rubuta ke nan. Telan kuma, a tasa takardar, ya yabi yarona mai hankali, ya ɗauka namiji ne.

Safiya ba ta ɗaga kai ba. A hankali ta kira ni kaka da Larabci, ta ce, "Jadda, a cikinsu wa ya taɓa jin muryata?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, kamar yadda na saba, na rasa wanda zan yi wa. Na kwashe takarduna, ɗaya ta faɗi ƙarƙashin tebur, sai da na durƙusa a gaban matan mutane na ciro ta. Muka kama hanyar gida.

Da biyun malamanta aka ɗauke ta. Tana Jidda yanzu, takan kira ran Juma'a idan ta tuna. Ni kuwa har yau nakan yi kuskure in dafa shinkafar mutum biyu.

Abin da na koya shi ne, wanda ka kulle a ɗaki, kada ka fita nema masa shaidu a titi. Telan ma har yanzu idan na wuce sai ya ce, "Hajiya, yaya yaron?" Nakan ce yana lafiya.