Kullen da Bai Bi Filas Ba

A kwamfutata na saita wani bidiyo yadda ni kaɗai zan iya buɗewa. Har na bugi ƙirji a majalisa cewa ko aljani sai ya nemi izinina. Da Kawu Sale, mai shagon wankin hoto a Tofa, ya nemi hotunan bikin yayana, sai na kwafe komai a filas, har da bidiyon, na ba shi.

Ashe tsarin kwamfutarsa daban ne, ba ruwanta da dokar tawa. Dannawa ɗaya ya yi a gaban jama'a, sai ga ni durƙushe a gona, ina gwada kalaman zance a kan akuyar Inna.

Kawu ya ce, "Ɗan nan, ta dai amince ko?"

Har yau in akuya ta gifta, sai 'yan majalisa su ce in tashi, ga mutuniyar ta iso.