Kofur Siriri, Keken Jingina, Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai sara tun daga ƙeya, Sajan Markus mai ritaya, da uwargidansa Keziah, da sauran tsofaffin sojojin unguwa da suka rage, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Zuru da kewaye rasuwar kekensu, Kofur Siriri. Ya cika ranar Asabar da ta wuce da hantsi, a bainar jama'a, a ƙarƙashin mai girma kansila Dodo. Mun saba cewa wanda ya bayar shi ke karɓa. To, wannan karon ma haka aka yi: Dodo ya bayar, Dodo ya karɓa.

Ga waɗanda ba su san asalin marigayi ba, ta hanyar ciniki ya shigo gidan Sajan, tun wayar hannu ba ta iso garin nan ba. A lokacin Dodo saurayi ne siriri kamar karan dawa, yana neman kujerar kansila. Ya zo ya durƙusa gaban Sajan, don ya san inda Sajan ya nuna da yatsa, can tsofaffin sojoji da matansu da 'ya'yansu suke dangwalawa. Sajan kuwa hawan jini ya sa shi gaba. Fansho sai an fid da rai yake zuwa, mai kemis kuma ba ruwansa da wanda ya yi yaƙin basasa.

"Baba, ka ba ni mutanenka," in ji Dodo. "In na shiga, dokar farko da zan kai ita ce a riƙa ba tsofaffi maganin hawan jini kyauta a asibitin unguwa. Na rantse da kabarin kakana."

"Yaro, kakan naka na san shi. Ko da ransa ba a karɓar shaidarsa. Ajiye mini abin da ido ke gani."

Dodo ya fita ya dawo yana tura wani keke da ɗan uwansa mai safarar motocin gwanjo ya tsinto a bayan wata mota daga Kwatano. Ya daɗe a jingine, ko mai tayawa babu. Tayoyinsa kamar yatsa, ƙahonsa a lanƙwashe ƙasa kamar na tsohon rago, sirdinsa kamar bakin gatari, kuma babu kariyar ɗora kaya a baya. Mutumin Zuru kuwa in ya ga keke, abin da yake fara dubawa shi ne inda buhu zai zauna. Aka tafa gaban shaidu: keke zai zauna hannun Sajan a matsayin jingina, ranar da doka ta wuce a mayar wa mai shi. Dodo ya tafi yana dariya a ciki, ya sayi unguwa guda da ƙarfen banza. Sajan ma ya yi tasa dariyar. Shi ya je Lebanon aikin kiyaye zaman lafiya, ya ga irin wannan keken a ƙarƙashin Turawa masu furfura, suna neman zufa da gangan. Malamar asibiti kuma ta riga ta gaya masa gaskiya: in babu ƙwaya, sai zufa.

Marigayi ya yi rayuwa ta kamun kai. Bai taɓa shan fetur ba, ko a shekarun da manyan motoci ke kwana a layi. Bai taɓa canza jam'iyya ba. Ba mai yawan magana ba ne: in yana hawan tudu shiru yake yi, in ya kama gangara ya riƙa cewa tsirrrr, in ya faɗa ramin kwalta ya ce kwaf, ya wuce, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Kullum da sassafe yakan ɗauki Sajan su bi hanyar Dabai, wata rana su miƙa ta wajen Dirin Daji har sai gwiwa ta ce ya isa, su juyo.

Garin ya kasa gane wannan tafiya. Mutum ya fita ba kaya, ya dawo ba kaya, bai gaida kowa ba, bai sayar da komai ba. 'Yan kabu-kabu suna binsa suna cewa, "Baba Soja, wa ya biyo ka?" Wasu suka ce harsashin da ya taɓa wucewa ta gefen kunnensa ne sai yanzu ya fara aiki. Matan zumunta suka zo gida takanas suka yi masa addu'a, suka kuma roƙi a tsawaita wandon da yake sawa. Keziah kanta ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. Cewa take, keken da ba ya kai niƙa, ba ya ɗauko itace, ba keke ba ne, baƙo ne. Amma ciwon kai ya tafi, ƙafa ta daina kumbura, ɗamarar soja ta koma hudar da take shiga zamanin bariki. Ranar da malamar asibiti ta ɗaura wa Sajan abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta tambaye shi wa ke aiko masa da magani, ranar aka ƙara wa marigayi girma zuwa Kofur.

Majalisar da Dodo ya shiga, ba za mu kama sunanta ba, ranar makoki ce. Abin da za mu faɗa shi ne fanka ɗaya ke aiki a zauren. Masu rinjaye su ke zama ƙarƙashinta, 'yan adawa kuma kusa da ƙofa, don sauƙin ficewa cikin fushi. Shi ya sa tsofaffi ba su wahalar da kansu da sunayen jam'iyyu, sai dai su ce 'yan Fanka da 'yan Ƙofa.

Da farko Dodo ɗan Ƙofa ne, kuma a yi masa adalci, ya kai ƙudirin. Ya miƙe ya nuna ta taga, ya ce a dubi tsohon sojan da ya ba ƙasa jininsa, yana tura zuciyarsa kan tudu saboda rashin ƙwaya ɗaya, abin kunya ne. Kansila Yero, babban 'yan Fanka, ya miƙe ya nuna ta wannan tagar dai, ya ce a dubi tsoho garau, ko kwabon gwamnati bai ci ba, doka ta mece ce? Aka ce babu kuɗi. Aka kafa kwamitin da zai gano wane ne tsoho, tunda babu mai takardar haihuwa. Kwamitin ya je Birnin Kebbi ya yi nazari a otel. Aka dawo aka yi faɗa kan sunan wa za a rubuta a allon asibiti, aka jefi juna da kujeru. Kujerun dai an sayo sababbi kafin mako ya zagayo.

Sai zaɓe ya juya. Dodo ya koma ƙarƙashin fanka, Yero ya koma bakin ƙofa. Tsofaffi suka wanke baki suna jiran ƙwaya. Ashe iskar fankar nan tana fitar da alkawari daga kan mutum. Yero ne yanzu ya ɗauki ƙudirin, bai canza ko wasali ba, yana nuna taga yana kukan tsohon soja. Dodo kuma ya miƙe ya ce a dubi Babansa Sajan, garau, kuma shi da hannunsa ya ba shi keken. A al'adarmu saurayi yana golmo shekara bakwai a gonar surukai a ba shi mata. Marigayi ya yi wa majalisa golmo shekara bakwai cur, yana noma wa kowane ɓangare hujja, ko ruwan sha ba a taɓa kai masa gona ba. A cikin shekarun nan an binne tsofaffin sojoji da dama, waɗanda ba su yi wayon karɓar jingina ba. Kowace jana'iza Dodo da Yero suna zuwa, kowa ya yi jawabi, kowa ya nuna ɗan uwansa da haɓa.

Ciwon ajali ya kama marigayi a bana, da zaɓe ya sake matsowa, ɓangarorin biyu suka ga ba su da abin nunawa. Suka kulle ƙofa suka yi sulhu. 'Yan Fanka suka cire magani daga ƙudirin saboda tsada. 'Yan Ƙofa suka cire tsofaffi saboda kwamiti bai gama gano su ba. Abin da ya rage aka sa masa suna Dokar Ranar Motsa Jiki: sau ɗaya a shekara kansiloli za su fito fili su motsa jiki don jama'a su yi koyi, da kayan wasanni da kuɗin zama. Babu hannun da bai tashi ba.

Washegari Dodo ya aiko a kawo keke, da shi zai buɗe taro. Sajan ya tafi da ƙafarsa.

"Honarabul, ina ƙwayar?"

"Haba Baba! Cewa muka yi ranar da doka ta wuce. Ga ta ta wuce. Ƙwaya tana mataki na biyu."

Sajan ya san an yi masa sakiyar da ba ruwa. Amma hannun da ya tafa da shi yana nan, shaidun da ba su mutu ba suna nan, shi kuma bai tsufa yana cika magana ba don a ce yau ya zama kansila. Ya wanke marigayi, ya ɗiga masa mai a sarƙa, ya tura shi da hannu har filin taro. Bai hau ba.

Jama'a su tuna, Dodon da ya ba da jingina ba shi ne ya zo karɓa ba. Wancan iska ke kaɗa shi. Wannan ya yi shekaru yana zama saboda talakawa, zaman kuma ya karɓe shi. Mutum biyu suka riƙe ƙaho, ɗaya ya ɗaga masa ƙafa, Yero da kansa ya riƙe sirdi, abin da ya sa wasu tsofaffi hawaye, don ba su taɓa ganin majalisa ta haɗa hannu ta ɗaga wani abu ba. Mai hoto ya gyara tsayuwa. Dodo ya zauna. Marigayi ya ce ƙiii. Ya daure, soja ne. Aka sake shi, ya yi tafiyar da ba ta kai tsawon igiyar shanya ba. Ya ce ƙas. Sannan ya ce ɓaras. Ƙashin bayansa ya rabu biyu, ƙafarsa ta baya ta naɗe kamar tsohon faifai, ba a sake jin muryarsa ba.

Honarabul ya kuje a gwiwa. Aka ruga da shi asibitin unguwa, aka tarar babu auduga, babu aidin. Kafin la'asar majalisa ta yi zaman gaggawa, Fanka da Ƙofa baki ɗaya, ta amince a kai shi Abuja a duba gwiwar. Tsofaffi sun shaida ba su taɓa ganin dokar lafiya mai saurin wannan ba. Gawa kuwa a baro aka maido ta gida, da saƙon cewa Honarabul ya yafe, Baba ya riƙe keken har abada. Dawuda mai faci, likitan marigayi tun zuwansa garin nan, ya duba karayar ya cire hula. Ya ce ƙashin na alminiyon ne irin na tukunya, waldar garin nan ba ta kama shi.

Marigayi ya rasu ya bar famfo ɗaya, wanda yanzu ba shi da wanda zai hura wa. Ya bar gorar ruwa, da tsohon tub mai faci kan faci wanda Keziah ta riga ta yanka tana ɗaure itace, da gajeren wandon nan da matan zumunta suka ce a ƙona. Ya kuma bar babban magajinsa, hawan jini, wanda ya yi doguwar tafiya, ya ji labarin rasuwa ya dawo gida tun ranar Lahadi, ya sauka a ƙeyar Sajan, ya ce ba ya da niyyar komawa.

Za a yi waƙoƙi da addu'a ranar Juma'a da yamma a ƙofar gidan Sajan, ƙarƙashin rumfa. Ranar Asabar da safe za a ɗauki gawa a baron da ya kawo ta zuwa wurin masu zuba tukwane a bayan kasuwa, inda za a narka ta. Keziah ce ta nemi haka, ta ce ko bayan ransa ya yi wa gidan aiki sau ɗaya. A tukunyar za a riƙa dafa wa Sajan tafarnuwa da saiwoyi. Masu zuwa gaisuwa kada su wahala da goro, wanda ke da ragowar ƙwayar hawan jini a gida, ko ta mamaci ce, ya zo da ita. Ana gayyatar kansiloli na ɓangarorin biyu, amma ana roƙonsu da girman Allah su tsaya a tsaye, kada su zauna kan komai na gidan, kada su jingina da komai.

Ga masu tambayar yadda cinikin ya ƙare: Dodo ya ci kujera sau biyu, ya ga Abuja, hotonsa na kan keke kafin faɗuwa yana manne a kowane bango. Yero ya sami kayan wasanni. Mai kemis ya sake fentin shagonsa. Keziah ta sami tukunya. Sajan Markus, wanda ya je Lebanon ya dawo, ya ɗauka ya fi ɗan siyasa wayo, ba shi da doka, ba shi da ƙwaya, ba shi da keke.

Masu rumfa kada su yi gaggawar kwance ta bayan an watse. Yadda kan Sajan ke sara, ba mamaki a sake bukatarta kafin zaɓe.