Ranar da Na Yaye Kwamfutocin Ofishin Lawali

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni inda zan manta sunayen jikokina. A lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, Gusau ta cika da sababbin ofisoshi da mutane masu biro a aljihun gaba. Ni kuwa daga Nahuce na taso aka duba mini ido a asibiti, aka ɗiga mini magani, aka ce in jira jikana ya tashi daga aiki ya mayar da ni gida. Jikan nan shi ne Lawali. Tun yana cikin tsumma nake kiransa maigida, shi kuma amarya yake ce mini in yana son fura, Inna in magana ta yi nauyi.

Lawali yana aiki a wani kamfanin sayen auduga, amma aikin bai zauna ba tukuna, gwada shi ake yi. To, ana nan sai kamfanin ya sayo wata babbar kwamfuta wadda za ta riƙe dukan takardun ofis a cikinta, sauran ƙananan kwamfutocin da ke ɗakuna su riƙa roƙonta ta waya tana miƙa musu. Manajan, wani Alhaji mai yawan shiru, ya ce ba zai sa hannu ya karɓe ta ba sai Lawali ya gwada ta ya ce ta yi. In kuwa ya ce ta yi, sannan ta durƙushe ranar da manoma suka cika harabar da auduga, to Lawali ya san hanyar Nahuce. Yaron da ya kai kayan sa rana, ku duba mini wannan hali.

Ya shigar da ni wani ɗaki mai sanyi kamar randa, ya shimfiɗa mini tabarma a kusurwa. Na tambaye shi yadda ake gwada abin da ba shi da ƙafa. Sai ya ce in tuna yadda marigayi kakansa yake sayen jaki a kasuwar Tsafe. Ba a kallon kunne a biya, sai an ɗora masa mangala an kora shi an ga tafiyarsa. Ya ce ita ma wannan lodi za a yi mata, kuma shi ne zai tsara lodin: ƙananan kwamfutoci nawa za su roƙe ta a lokaci guda, manyan takardu za su nema ko ƙanana, nawa ne za su zo karɓa, nawa ne za su kawo ajiya. Har ma akwai ɗan lokacin da za a bari jikinta ya yi ɗumi kafin a fara auna saurinta. Na gyaɗa kai da natsuwa irin ta manya. (Jakin kaɗai na gane, amma ba a gaya wa jika haka.)

Akwai mutum na uku a ɗakin, wanda ya kawo na'urar daga Kaduna, mai kwat da turare mai hawa kai. Shi so yake a yi gwajin da kwamfutoci kaɗan da ƙananan takardu, wai haka ake yi ko'ina. Lawali ya ƙi. Ya ce ranar ciniki ba kaɗan ne za su roƙe ta ba, don haka duka za a sa, kuma da manyan takardu. Suka yi ta ja cikin Turanci, na ji muryar mai kwat tana hawa, ta jikana tana nan inda take. A raina kuwa, Allah Ya gafarta mini, mai kwat na bai wa gaskiya. Wa ke yi wa sabon jaki cikakken lodi ranar farko?

An zaɓi lokacin sallar Juma'a ne saboda kowa zai tafi masallaci, babu mai taɓa kwamfutarsa. Lawali ya zagaya ɗakuna ya tayar da su, ya dawo ya danna abin da zai danna, ya ɗauki dardumarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Amarya, ki sha furarki ki huta. Kada ki taɓa komi." Na ce masa ni da na goya ubansa ba sai an yi mini wannan gargaɗi ba.

Suka tafi, ofis ya yi tsit, sai ni da babbar kwamfutar.

Jama'a, da fari gurnani take yi a hankali. Can sai ta fara wani ƙur-ƙur-ƙur daga cikin cikinta, ba hutu, ba numfashi. A gefenta akwai wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu, wayoyi sun fito daga jikinsa jere reras, kowace ta bi bango ta nufi ɗakinta, fitilun nan suna ta ƙifta ido kamar za su fashe. Na tsaya na dube shi da idon da aka ɗiga wa magani, sai na ga hantsar akuya sak. Na taɓa kiwon wata jar akuya mai yawan haihuwa, 'ya'yanta suka tsotse ta har ta kasa tashi, sai da na riƙa ɗaure wasu a turke tana shayar da saura. Abin da na gani ke nan a gabana: uwa guda, baki ya fi goma, kuma duk mazan sun tafi masallaci sun bar ta.

Na zauna, na tashi, na sake zama. Na ce wa kaina Lawali yaro ne, bai taɓa shayarwa ba. Na yi bisimilla na kama waya ɗaya, na ji tana da ɗan harshe, na danna, ta fito sumul. Fitilarta ta mutu. Na saurara, sai na ji kamar nishin ya ragu. Na cire ta biyu. Ban tsaya ba sai da na yaye fiye da rabi, na jera su a ƙasa bi da bi don kada in rikita 'ya'yan mutane. Na'urar nan ta koma wani ɗan gurnani mai daɗi, irin na kyanwar da ta ƙoshi. Na shafa bayanta, na yi sallar azahar cikin kwanciyar rai, har na sa ta cikin addu'a.

Da na ji hayaniyar masu dawowa daga nesa, sai na ce ta huta haka nan, na mayar da kowace waya raminta. Ba don ɓoye laifi ba, ku fahimce ni. Ni a lokacin lada nake lissafawa.

Lawali ya shigo tare da Alhaji da mai kwat, wasu ma'aikata suka tsaya a ƙofa. Ya duba allon kwamfutar, sai na ga ya haɗe gira. Mai kwat ya leƙa, bakinsa ya buɗe har kunne, ya ce ai ya gaya musu, wannan na'ura ko iska ba ta kama ta. Lawali ya ce saurin ya yi yawa, abin bai kwanta masa ba, yana son ya duba ɗakuna tukuna. Mai kwat ya ce yaro ya ga alheri yana neman aibi, ya zaro takarda da biro ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya karɓi biron, ya waiwayo gare ni cikin ladabi ya ce lalle Inna ta shigo musu da ƙafar dama.

Nan ne Shaiɗan ya same ni. Na gyara mayafi, na yi gyaran murya irin ta mai shirin raba gado, na ce, "Alhaji, ba ƙafa ba ce, hannu ne. Da ban cire mata wayoyin nan ta huta ba, da yanzu gawarta kunka tarar."

Lawali ya juyo a hankali.

"Inna, mi kinka cire?"

Ba amarya ba, Inna. Nan na san ƙasa ta tsage. Na nuna akwatin, na ce ai na mayar da su duka, har na ƙara da cewa na jera su da kyau. Wani a bakin ƙofa ya yi wani tari wanda ba tari ba ne, ya ruga waje. Alhaji ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Mai kwat kaɗai ne ya tsaya mini, yana cewa ba kome, tsohuwa ba ta ɓata kome ba, a sa hannu kawai. Tun da nake ban taɓa jin kunyar mai kare ni ba sai ranar.

Lawali ya ce jakin da aka sauke wa rabin kaya ba a gwada shi ba, sai an sake daga farko. Aka hana ma'aikata taɓa kwamfutocinsu har la'asar, kuma kowa ya san dalili. Ni aka fitar da tabarmata baranda. Masu wucewa suna durƙusawa su gaishe ni da ladabi mai yawa, su ce, "Sannu da aiki, Inna," sannan su sha kwana in ji dariya ta ɓarke.

Da aka sake gwajin da cikakken lodi, na'urar ta yi tafiya, amma da aka kai ga manyan takardu sai ta fara jan ƙafa, ƙananan kwamfutocin suna jira. Mai kwat ya tattara takardarsa ba sa hannu, ya ce zai dawo ya ƙara mata wani abu a ciki. Alhaji ya gaya wa Lawali cewa ya ga lokacin da ya haɗe gira tun kafin in buɗe baki, kuma mutumin da bai yarda da sakamako mai daɗi don daɗinsa ba, shi yake nema. Aiki ya zauna, bikin aurensa ma aka yi bayan kaka.

A kan babur, hanyar Bungudu, sai da muka bar gari sannan na ji bayan Lawali yana girgiza don dariya. Har yau in ya kai ni wurin da ke da na'ura, ƙwaryar fura yake ba ni ya ce in riƙe da hannu biyu. Ni ma na ɗauki darasina: tausayina yana nan bai ragu ba, amma yanzu in na ji abu yana nishi, sai na fara tambaya ko nishin ne ake aunawa.