Wa Ya Hau da Ruwan Tanki?

Ya kamata in fara da sanar da masu karatu cewa ina tsoron hawa sama. Ko kujera na taka don canza ƙwan fitila, sai in ji gwiwoyina sun shiga shawara da juna. Akwai kuma tsoro na biyu, wanda ya fi wannan tsanani, wato in dubi babba in ce masa a'a. Su biyun ne suka haɗu a kaina makon jiya, har na tsinci kaina a saman tankin unguwarmu, hannu ɗaya rungume da ƙarfe, ɗayan yana karɓar bokiti.

Tankin nan kyauta ce daga Mai Girma Uban Alkawura, Allah ya ƙara masa yawan hotuna. An ɗora shi a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, an shafe shi da shuɗin fenti, an ja bututu har bakin titi. Komai ya kammala, in ban da wani ɗan ƙaramin abu: injin da zai turo ruwa daga rijiya zuwa sama. An ce yana hanya. Tun ban karɓi diflomata ba yake hanya. A halin yanzu mahaifiyata, Inna, daga rijiyar bayan makaranta take ɗebo ruwa duk ranar da na fita neman aiki, kuma bayanta ya soma kai ƙara.

Ana haka sai ga mai riƙe wa Mai Girma jaka, ya tara mu a gindin tanki.

"Ranar Asabar Mai Girma zai zo buɗe aiki," in ji shi. "Dole ruwa ya zubo."

Ciyaman, shugaban kwamitin unguwa, ya russuna. "Ranka ya daɗe, ai babu inji."

"Ruwa na ce, Baba, ban ce inji ba. Idan ya ga ruwa ya ji daɗi, inji zai biyo baya. Idan kuwa ya murɗa famfo ya ji iska, to ku manta da zancen."

Sai duk idanu suka juyo kaina, domin ni ne mai takarda. Na gyara murya, na yi bayani a tsanake, da nufin in nuna musu abin ba mai yiwuwa ba ne. Na ce ruwa ba ya hawa sama don ganin girman kowa. Sai an yi aiki a kansa, kuma a ilimin motsi aiki shi ne ƙarfin da aka sa, a ninka shi da nisan da abu ya gusa. Duk bokitin da aka ɗaga, an yi masa ajiyar makamashi gwargwadon nauyinsa da tsayin da ya hau, kuma wannan ajiya ce take koro ruwan ƙasa idan an murɗa famfo. Ko inji ne ya ɗaga ko mutum, yawan aikin ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne saurin gama shi: abin da inji zai yi kafin shayi ya huce, mu sai mun wuni mun kwana mun sake wuni.

Kawuna mai faci ya karkata kai. "Wato dai, Injiniya, mu ma za mu iya, daɗewa ce kawai?"

"A lissafi haka ne, Kawu, amma..."

"To shi ke nan! Jama'a, kun ji, mai ilimi ya ce zai yiwu."

Da na ga tsani yana kallona, sai na yi hanzarin kawo dabara: a rataya tsohon wilin keke a sama, a zura igiya, a riƙa jan bokiti daga ƙasa. Na ma yi musu gargaɗi cewa wili ba ya rage aikin ko kaɗan, sai dai ya ba mutum damar ja ƙasa maimakon ɗagawa sama. Abin da ban hango ba shi ne, dole wani ya zauna a can ƙololuwa yana juye bokitan.

"Kai ne marar nauyi," in ji Ciyaman, "kuma kai ka san lissafin."

Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji kaina yana cewa, "To, Baba."

Mata suka yi layi daga rijiya, maza suka kama igiya, har tela da abin awonsa a wuya. Ni kuwa ina sama, na rufe ido, ina karanta duk addu'ar da na sani.

"Kai ɗan nan, buɗe idonka mana!" Inna ta ɗaga murya daga ƙasa. "Mu ɗebo da ƙyar, kai kuma kana yi wa kawunka wanka?"

"Ƙyale shi, Yaya," in ji Kawu, yana share fuska. "Difloma ce take zubowa."

Ranar Asabar Mai Girma ya iso da jerin motoci. Har aka gama taro ba a kashe injin ko ɗaya ba, don kada kujeru su yi zafi kafin ya dawo. Ban so in yi lissafi ba, amma kaina ya yi shi ba da izinina ba: man da suka ƙone a tsaye ya isa inji ya cika tankinmu da ruwa har ya yi ambaliya. Mai Girma ya sa yatsu biyu, ya murɗa famfo. Ruwa ya feso, wuri ya ɗauki tafi. A jawabinsa ya ce sun yi gumi sosai kafin wannan aiki ya tabbata, kuma lallai na ga ana miƙa masa hankici.

Malaminmu ya koya mana cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Ranar na gaskata. Abincin da Inna ta ci ya zama gumi, gumin ya zama ruwa a sama, ruwan ya gangaro ya zama tafi, tafin kuma ya shiga mota ya tafi da Mai Girma. Aka bar famfo a buɗe saboda masu ɗaukar hoto, ina tsaye ina kallon bokitan da na sani ɗaya bayan ɗaya suna bin kwata.

Da taro ya watse, Ciyaman ya matsa kusa da mai jaka, ya tambayi labarin inji.

"Wane inji kuma, Baba? Mai Girma ya ga ruwa da idonsa. An ba wata unguwa injin, waɗanda ba su da ruwa, bayin Allah." Ya yi murmushi. "Amma ga albishir. Aikinku ya burge, don haka shi kansa Babban Mai Girma zai zo gani mako mai zuwa. Ku cika tankin har baki."

Idanu suka sake juyowa kaina. Na dubi Inna, tana zaune a kan bokiti tana dafe da ƙugu. Na dubi tankin. Muddin akwai ruwa a cikinsa, shaida yake bayarwa cewa ba ma bukatar komai, busasshensa ne kaɗai zai faɗi gaskiya a madadinmu. Gwiwoyina suka soma shawararsu, duk da cewa a ƙasa nake tsaye. Na bar su suna yi, na ɗaga murya yadda mai jaka zai ji.

"Baba Ciyaman, ka gafarce ni, ba zan sake hawa ba, kuma Inna ba za ta sake ɗebo wa tanki ruwa ba. A bar shi yadda yake, Babban Mai Girma ya murɗa famfon ya ji abin da muke ji kullum. Idan kuwa lallai yana son ganin ruwa, ga wili, ga igiya, ga tsani. Ni da kaina zan riƙe masa takalma."